Ƙarfenmu Ya Haye Gada, Murhuna Ya Mutu

Zuwa ga Shugaban 'yan gwangwan na kasuwarmu ta Wudil,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali da kasuwa suna lafiya. Ni ne Sale mai zubin tukwane. Ka san ni, don tun kana yawo da buhu a kafaɗa mahaifina ke sayen alminiyam a hannunka.

Na farko, tun bara ka hana yaranka sayar mana da ko murfin tukunya. Duk abin da suka tsinto daga Darki har Lajawa, a tirela kake loda wa baƙin da ke fitar da shi waje. Ina tsaye a bakin gada nake kallon abincin 'ya'yana yana wucewa.

Na biyu, wannan ƙarfen namu shi ke dawowa a kwali, an yi tukwane marasa kauri da ko tuwon gidan mutum biyar ba sa jurewa. Kullum rediyo na cewa ƙasa ta riƙe ma'adinanta, ta daina dogaro da na waje. Mu namu ma'adinin a bola yake, kai kuma ka sayar da bolar. Na zo ofishinka, ka bar ni a benci har la'asar, ka fita ta baya. Wallahi abin ya ci min rai, kuma ban yafe ba.

Ina roƙon ka ware wa maƙeran gari kasonsu kafin a loda mota. In ka ƙi, zan bi masu zubi rumfa rumfa, har Kausani, mu tsaya a kan kujerarka ranar zaɓen ƙungiya. Yaranka ma sun gaji da kai.

Sai magana ta ƙarshe. Jiya Hajiya matarka ta aiko aron babbar tukunyar mahaifina, wadda duk unguwa ke dafa abincin biki da ita, saboda auren ɗanka. Ka gaya mata na farfasa ta da guduma a watan jiya, na narkar, don in sami abin zubi. Da hawaye na yi. Ta aika wa baƙinka su ara mata.

Allah ya sa albarka a auren, ya ba ka tsawon ran da za ka ga ranar zaɓe.

Wassalam.
Sale mai tukwane, Wudil