Ƙashin zakin kakanmu ya koma jaki

Assalamu alaikum 'yan group. Admin ka sakaya sunana, don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni mahauci ne a unguwar Guéma, cikin garin Parakou, amma asalin gidanmu Djougou. A gidan nan akwai wani guntun ƙashi da Kawu ke ajiye, tun muna yara ake ce mana na zakin da kakanmu ya kashe ne a hanyar fataucin goro. Duk namijin da aka haifa, ranar suna sai a ɗora masa shi a tafin hannu don ya yi zuciya. Ni kuwa kun san bakina, zakin nan na ƙara masa tsawo har ya fi tirela, a abatuwa, wato mayanka, Jikan Zaki ake kirana, har haƙori na rasa a faɗa da wani da ya ce ƙarya ne.

To ƙanwata da ke karatu a Faransa ta zo hutu, ta kankari ɗan garinsa ta tafi da shi labo ɗinsu, wato ɗakin gwaje-gwaje. Wai akwai wani furotin a cikin ƙashi, sai su narka shi, na'ura ta auna nauyin gutsattsarinsa, kowace dabba kuma da irin nata awon. Ni da kaina na zuga ta, na ce ta kawo takarda in liƙa a rumfata. Sakamako ya fito, wai dangin jaki ne. Jaki fa, jama'a.

Na kama mota sai Djougou, ina tsammanin Kawu zai suma. Mutumin nan dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce ai manya duk sun sani, jakin kaka ne da ya mutu a hanya, tsoho ya ɗebo ƙashinsa don ƙauna, zaki kuma don yara aka ƙirƙiro. Har mahaifiyata ta sani, ita da ta gasa mini baki da ruwan zafi ranar haƙorin nan, amma ta ɓoye mini.

Yanzu matata ta haifi namiji, suna na gabatowa, Kawu ya ce zai taho da ƙashin, kuma in kama bakina don mutuncin gida. In bari a ɗora wa ɗana jaki ina murmushi, ko in hana a gaban dangi kowa ya ji dalili? Ku faɗa mini, don ni ban san da wane ido zan ba yaron nan labarin kakansa ba.