Zuwa ga Mijin da Na Tona wa Asiri a Rediyo

Haɗeja, ranar Litinin.

Amincin Allah ya tabbata a gare ka, ya sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan sabuwar randata, shinkafata 'yar sabon yanka! Gaisuwa gare ka maigidana, mai fadama, mai jan babur da madubi ɗaya, gwarzon da ya yi yaji ya bar matarsa da rediyo. Tun da aka ɗaura mana aure bakina bai taɓa kiran sunanka ba, amma takarda ba ta san kunya ba, don haka bari na rubuta shi na more: Fannami, Fannami, Fannamina!

Yau kwana goma sha biyu ke nan da ka ɗaure jaka a bayan babur, ka ce za ka Baturiya taya ƙaninka Yunusa yankan shinkafa. Ranka ya daɗe, gonar Yunusa ko ni ce da lauje mara kaifi, kwana uku sun ishe ni. In na kira ka a waya sai ka ce "lafiya lau" ka kashe, shi ya sa na koma ga takarda, tunda ita ba ta da wurin kashewa. A ina aka taɓa jin namiji ya yi yaji? In ma yajin ne, ina laifin Kano ko Gumel? Ka gudu daga mutanen da ke kwaikwayon kukan kwaɗo, ka tafi inda kwaɗin gaske suka fi mutane yawa. Ana gudun gara an faɗa gidan zago! Wallahi ina tausayinka, ina dariya, kewarka kuma tana neman kashe ni, duk a lokaci guda.

Ka tuna ranar da na fara ganinka? Ni kam ko na so mantawa ba zan iya ba. Shekarar da ruwa ya cinye hanya, sai a kwalekwale ake shiga gari. Mu uku ne kawai a ciki: ni, kai, da mai fito. Ka sha farar babbar riga, ka kafa hula, kana zaune kamar hakimi, kana yi mini bayanin irin shinkafar da ke jure ambaliya alhali ban tambaye ka ba. Ana cikin haka wani ƙaton kwaɗo ya yi tsalle daga cikin ganyen bado ya sauka a cinyarka. Wayyo masoyina! Ka kira mahaifiyarka da Barbarci, ka tashi sama, ka faɗa ruwa tsundum, ka bar kwaɗon zaune a gurbinka. Ruwan ma iya gwiwa ne. Ka miƙe, ka gyara hula, takalminka na hagu ya bi ruwa, ka dube ni ka ce zurfin wurin kake aunawa. A nan zuciyata ta tafi, ba ta dawo ba har yau. Maza masu cika baki na gan su da yawa, amma wanda zai tsaya cikin taɓo ya yi ƙarya da natsuwa haka don kada ya kunyata a gaban mace, kai kaɗai ne. Da ka fara zuwa zance, abu na farko da ka roƙe ni shi ne maganar nan ta tsaya tsakaninmu, na kuma ce na ɗauki amana.

To, amanar nan na ci ta. Ba zan kewaye ba. Amma ka bar ni na faɗa maka yadda aka yi, ko ɓarawon akuya ma ana jin ta bakinsa kafin a yanke masa hukunci.

Ka san ranata, amma daga nesa kake ganinta. Bayan sallar asuba in hura wuta, in ɗora koko, in riƙe ludayi da hannu ɗaya waya da hannu ɗaya, ina rubutu da babban yatsa. Ƙarfe bakwai da rabi ina cikin Keke Napep, an matse ni tsakanin buhun tattasai da wata mai kwandon bandar kifi, ina neman abin da Hajiyar cikin wasan rediyon da nake rubutawa za ta ce wa mijinta. Ƙarfe takwas ina ɗakin kati na asibiti, layi ya kai bakin ƙofa. Wannan ta manta katinta a gida, waccan ta zo da nata ruwa ya jiƙa shi, wata kuma ba ta san shekarunta ba sai dai ta ce an haife ta shekarar fara. Ogana yana leƙowa, in ya ga waya a hannuna ya yi gyaran murya. In tashi ƙarfe huɗu kaina kamar an daka gero a ciki, in biya kasuwa, in zo gida ga wanki ga girki ga 'yan barka ga 'yan gaisuwar mutuwa. Tattasan da na shuka a bokitai don nishaɗi sun bushe suna kallona. Hular da na fara ɗinka maka tun muna ango da amarya tana nan rabi, allurar har ta yi tsatsa. An ce taura biyu ba ta taunuwa, ni huɗu na cusa a baki. Kuma kowace Juma'a kafin azahar, Malam Mustapha mai shirya wasan kwaikwayo a gidan rediyo yana jiran rubutuna, don ni ba ma'aikaciyarsu ba ce, 'yar jinga ce, in na makara sau biyu akwai goma da ke jiran gurbina.

Waccan Juma'ar ina gida, don ita ce ranar hutuna a asibiti, sha ɗaya ta yi ban rubuta ko bismilla ba. Na matsa kaina, babu komai ciki sai lambobin kati. Malam Mustapha ya kira sau uku, a na ƙarshe ya ce, "Malama, in babu ki ce babu, mu san inda dare ya yi mana." Na ɗaga kai ta taga, sai ga ka a tsakar gida kana goge madubin babur ɗinka guda ɗaya tilo, kana waƙa a hankali. Shaiɗan ya ce mini, ga labari nan a ƙofar ɗakinki, kina neman na nesa? Cikin minti arba'in na haifi Sarkin Noma Ƙi-Gudu, jarumin fadama wanda ba ya tsoron maciji ba ya tsoron ɓarawo, sai kwaɗo. Na ce a raina ai na canza suna, wa zai gane?

Haɗeja ce ta gane, gaba ɗayanta. Ni da wautata na bar masa jan babur, na bar masa takalmin hagu, na bar masa auna zurfin ruwa. Ashe mai fiton nan yana raye, yana kuma da rediyo. Bawan Allah ya riƙe maganar shekara huɗu, ya fi ni amana nesa ba kusa ba, amma da ya ji ta a iska sai dariya ta kayar da shi a teburin mai shayi, ya ce ai shi ya tuƙa jirgin. Kafin magariba labari ya kai kasuwar kifi. Masu Keke Napep suka fara yi maka kukan kwaɗo in ka wuce. A majalisarku wani ya ajiye maka takalmi ƙafa ɗaya a kan tabarma. Ka shigo gida ba ka yi faɗa ba, ba ka ɗaga murya ba, ka dube ni ka ce, "Ashe ni ma kayan aiki ne." Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Maganar nan ita ke cin raina, hasken idona. Na yi ta juya ta, na rasa ta inda zan ƙaryata ka. Gaskiya ne, ranar nan ban gan ka a matsayin miji ba, na gan ka a matsayin mafita. Abin da ya fi komai daɗi a tsakaninmu, wanda in mun haɗa ido a taro muke murmushi ba wanda ya san dalili, shi na ɗauka na miƙa wa gari don na cika shafi shida. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, nawa kam ko tuwon bai riƙe da kyau ba. Na yi kuskure, na ji kunya, ina neman gafararka.

Amma na san ka, haƙuri na baki bai cika shiga kunnenka ba, kai manomi ne, sai ka gani a ƙasa. To, ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Zauna da kyau, in kana kan kunyar gona ka duba gefenka tukuna.

Farfesun tarwaɗar nan na ranar Juma'a, wanda kake ɗauka a babbar kula ka kai majalisa bayan an sauko daga masallaci, wanda kake bugun ƙirji kana cewa duk Haɗeja har Miga babu mai hannun matarka, wanda mahaifiyarka ta ɗanɗana ta sa mini albarka har da hawaye: ban taɓa dafa shi ba. Ko sau ɗaya! Yaushe zan dafa, Juma'a ce ranar miƙa rubutu? Maƙwabciyarmu Mansura ce ke dafawa. In ka kawo kifin na miƙa mata ta katanga, kana fita masallaci ta miƙo tukunyar, ni kuma in rubuta mata tallar turaren wutar da take sayarwa a waya. Aikina a ciki bai wuce in barbaɗa albasa in shafa ɗan toka a zane ba. Shekara uku kana yabon matar wani, masoyina, kana lashe yatsu.

Kuma ba kai kaɗai na faɗa wa ba. Na rubuta shi tsaf, na miƙa, an ɗauka, ranar Alhamis bayan la'asar za a saka. Matar Sarkin Noma Ƙi-Gudu ce za ta sha kunya, kuma don kada kowa ya wahala wurin ganewa na sa tana aiki a ɗakin kati, tana ɗingisa ƙafa in ta yi sauri kamar yadda nake yi, tukunyar ma sai da na sa ta kife a kan katanga a gaban surukarta. Na gaya wa Malam Mustapha daga wannan kashin babu sauran kwaɗo a wasana. Ya yi magiya, ya ce masu sauraro sun cika masa waya, ya ce, "Malama, kin samu abin da ake nema kuma ki zubar?" Na ce mijina ne, ba ni da wani. Ya ce to zai duba ko zai ci gaba da ni. Ban san me zai yanke ba, kuma ina tsoro, don ina son aikin nan kamar raina. Ba zan yi maka ƙaryar zan daina rubutu ba, in na daina ba ni ka aura ba. Alkawarin da zan iya shi ne wannan: duk abin da ya faru a cikin katangar gidanmu, ba zai ƙara fita ba sai na karanta maka ka ce to. In ka ce a'a, in yaga a gabanka, ko da Juma'a ce, ko da azahar ta gabato.

Bari na faɗa maka abin da ban zata ba. Kullum kukana lokaci, lokaci, da zan samu awa biyu ba mai kirana da na rubuta abin da za a daɗe ana zancensa. To ga shi na samu. Ba mai cewa ina hulata, ba mai shigowa da labarin tsuntsayen jan-baki sun sauka a gona, ba mai zama a bakin gado yana mini hira ina cewa "bari na gama layin nan" ba tare da na ɗago kai ba. Gidan ya yi tsit yadda na daɗe ina roƙo. Sai in zauna da waya a hannu, yatsana ya ƙi motsi, kunnena yana ƙofa yana jiran ƙarar babur. Ashe sau nawa ka tsaya a kaina da magana a bakinka, ka haɗiye ka fita? Sau nawa ka jira layin da ba ya ƙarewa? Ban ƙirga ba, kai kuma ba ka taɓa yi mini gori ba. Ka dawo ka dame ni, ranka ya daɗe. Ka dawo ka katse ni a tsakiyar jimla, wallahi zan ajiye wayar.

Ya abin alfaharina, ruwan damina a kan busasshiyar fadamata! Ban ce ka huce yau ba, fushinka halal ne, ka riƙe shi iya yadda kake so, amma ka zo ka yi shi a gida inda zan riƙa ganin fuskarka. Ranar Alhamis zan nemi izini a wurin aiki, in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in ajiye rediyo a tsakiya, in bar ƙofa a buɗe. Daga la'asar ɗin nan garin nan zai koma kaina. Matan unguwa za su yi mini shewa, masu layin kati za su tambaye ni ko katin ma Mansura ce ke rubutawa, mahaifiyarka za ta aiko a kira ni, kuma ban san da wane ido zan dube ta ba. Duk zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ba shi ne in ji shi ni kaɗai. Ka zo ka zauna kusa da ni, ina so ka zama mutum na farko da zai yi mini dariya.

Taka ce ni, jiya da yau da sauran kwanakin da Allah ya rubuta mini, ko ka zo da murmushi ko ka zo da ɗaure fuska,

Ummussalma.