Kanun da Na Ba Shi

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mijina, Mai Biro, ya manta abincinsa, na bi shi da shi ofis. Da ƙyar na gane wurin. An yi fenti, an kwashe tarin tsofaffin jaridun da ke bayan ƙofa, an kafa ƙaton allo mai haske a bango. Sunayen ma'aikata ne a jere, kowa da lamba a gabansa tana motsi. Na mijina ne na biyun ƙarshe.

Da ya rako ni ya yi min bayani. Masu talla sun guje su, sai kamfanin manhajar nan da kowa ke karanta labarai a cikinta ya ba jaridarsu tallafi. Sharaɗin shi ne a daina bugawa a takarda, komai ya koma cikin manhajar, kuma yawan masu latsa labari za a duba kafin a sabunta. Na ce ai arziki ne. Ya ce, "Arziki ne. Sai dai yanzu allon nan ne editanmu."

Na dawo na ƙarasa babi na tara na littafin da nake karantawa. Yarinyar littafin ta tsinci wasiƙa a aljihun mijinta, kuma na san ba abin da take zato ba ne.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Awon ciki na farko, a ƙaramin asibitin unguwa. Rufin ɗakin haihuwarsu ya rufta tun bara, ba a gyara ba. Sista, babbar ungozomar, ɗakinta na kwana da ke bayan asibitin ta mayar wurin duba mata. Gadonta ne, zanin gadonta ne. Ta kulle ƙofa ta ce, "Kwanta, 'yata. Kada ki kalli kwanukana, ban wanke ba." Hannunta da ɗumi.

Ita kuma a benci take kwana in mai naƙuda ta kama gadon. Wata ce ta faɗa min a layi.

Na ba Mai Biro labari. Ya ajiye cokali ya ɗauko littafinsa na aljihu. Rabon da in ga idonsa haka tun kafin allon.

Asabar, 8 ga Maris

Sati uku yana zarya asibiti. Rahoton ya fito jiya. Ya yi kyau, har na yi hawaye wurin da ya rubuta jarirai nawa aka haifa a gadon nan. Kanunsa: "Asibitin da ba shi da ɗakin haihuwa."

Mutum arba'in da ɗaya suka latsa. Edita ya kira shi gefe, ya ce tsoho ne shi ma, ba son ransa ba ne, amma mutum uku na ƙasan allo ba za su kai ƙarshen wata ba.

Bai ci abinci ba. Ni kuma da bakina na ce, "Kai ba ka iya jawo mutum ba. A littattafaina ba a faɗin abu a bangonsu, ɓoye shi ake yi." Ya ce, "To, Malama mai littattafai, ba ni naki kanun." Ko tunani ban yi ba: "Abin da wata ungozoma ke yi da matan mutane a ɗakinta in ta kulle ƙofa."

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce ba daidai ba ne. Na ce ai za su shiga su karanta, su ga alherinta, su ji kunyar zatonsu. Daɗin labari ke nan.

Lahadi, 9 ga Maris

Ya canza kanun.

Laraba, 12 ga Maris

Dubu sittin. Sunansa ne a saman allo. Ya shigo min da sababbin littattafai biyu, yana kirana Edita. Na yi ta kallon kaina a madubi kamar wata.

Juma'a, 21 ga Maris

Maƙwabciyata mai ɗinki ta turo min kanun da hoton ƙofar Sista, an zagaye da jan layi. Ta ce mijinta ya hana ta komawa can. Na ce kin karanta kuwa? Ta ce, "Me zan karanta, ga shi nan a rubuce?"

Na tambayi Mai Biro. Ya nuna min wani shafi a wayarsa da kamfanin ke ba su. Yana nuna inda kowa ya tsaya. Yawancinsu daƙiƙa bakwai suka yi. Alherin Sista yana sakin layi na huɗu, kusan babu wanda ya sauka can.

Ni ban taɓa ajiye labari a tsakiya ba. Ko mara daɗi sai na ga ƙarshensa. Na ɗauka kowa haka yake.

Ya rubuta gyara da ban haƙuri. Manhajar ba ta tura shi gaba ba, don ba a latsa shi.

Talata, 1 ga Afrilu

Awo. Layin da ke kaiwa bakin titi yau mu biyar ne. Ɗakin Sista da kwaɗo. Wata matashiyar nas ta duba mu a baranda, an kare da zani. Ta ce an dakatar da Sista har a gama bincike, mutane sun yi ta kai ƙara.

Wata a bayana ta ce, "Ni fa 'ya'yana uku a hannunta, ban ga komai ba. Amma tunda har jarida ta faɗa..."

Yaron cikina ya yi ta motsi.

Talata, 15 ga Afrilu

Ya je wurin masu binciken da rahoton a hannu, sau biyu. Sun karɓa, sun ce za a duba.

A gida ba ma maganar. Bai taɓa cewa ke ce ba. Da ya faɗa ma da ya fi min sauƙi. Yanzu guntayen labarai goma yake yi a rana, littafin aljihunsa yana kan taga, rana ta lanƙwasa bangonsa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Wasiƙa ta zo daga kamfanin. Suna godiya da haɗin kai, amma ba za su sabunta ba, sun koma tallafa wa masu gajeren bidiyo. Ba ruwansu da wanda ke saman allo. Masu sayen ta takarda kuwa an sallame su tun Fabrairu, babu inda za a koma.

Ya ce Edita ne ya zare wayar allon da kansa, ya tsaya yana kallon fuskarsa a baƙin gilashin.

To don me ke nan? Wannan nake ta tambaya.

Talata, 20 ga Mayu

Na sa Mai Biro ya bugo min rahoton a takarda, kwafi ashirin, da kanunsa na farko. Na nemi gidan ƙanwar Sista, can take zaune yanzu. Na same ta a tsakar gida tana shanya. Ta rame. Cikina ta fara kallo kafin fuskata.

"Ƙafarki ta kumbura, 'yata. Zauna. Wa ke duba ki?"

Na shirya magana tun a hanya, doguwa, irin ta babin ƙarshe. Abin da ya fito kawai shi ne, "Sista, matar ɗan jaridan ce ni. Ni na ba shi kanun."

Ta ci gaba da matse zanin da ke hannunta har ya daina ɗiga. Ta ce, "Me na yi miki?"

Na ce gadonki kika ba ni.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta nuna takardar da haɓa. "Wannan ne? Ni ban taɓa ganin abin da ke ƙasa ba, ƙanwata ta ƙwace wayar. Karanta min. Kada ki tsallake."

Na karanta tun daga sama. Da na zo wurin jariran ta ce, "Ya rage biyu. 'Yan biyu ne na ƙarshen." Na gyara da biro.

Da zan tafi ta danna ƙafata da yatsa, ta ce in rage gishiri, in dawo bayan sati ta gani.

Asabar, 24 ga Mayu

Na kai wa mai ɗinki kwafi ɗaya, na zauna a kan benci har ta gama karantawa tana jan tsaki wai na tsare ta. Saura kwafi goma sha tara. Ranar awo zan tafi da su, a baranda ana daɗewa.

Littafin nan na wasiƙa, shafi goma sha ɗaya ya rage min tun Maris. Na san yarinyar da mijinta za su shirya. Da shi na tokare taga yau, iska na rufe ta.

Ba wai na daina karatu ba ne. Ƙafa ce ke damuna.