Ba Ni Ce Amaryar Katin Nan Ba

Zuwa gare ka, hasken idona, ruwan sanyin da nake kurɓa idan rana ta take, inuwar da na zaɓa na bar dukkan inuwoyi, masoyina mai dogon tunani a kan inji, mai gajen tunani a kaina.

Karɓi sallamar wadda take ƙaunarka, take kuma jin haushinka har cikin ƙashinta. Ina fata kana lafiya a can wurin aikin gadar. Ni kam ba lafiya nake ba, kuma kai ne ciwon.

Yau kwana goma sha ɗaya da ka turo mini saƙon nan mai kalma huɗu: "Allah ya sanya alheri." Ina tsaye a tagar ɗakin magani, layi har bakin baranda, na karanta sau uku ban gane alherin me ba. Na kira, a kashe. Na sake kira, a kashe. Sai ranar Laraba ƙanwarka ta zo asibiti da ido jawur, ta nuna mini hoton da abokinka ya tura maka: katin aure, ga sunana da sunan babana da ruwan zinare, ga sunan wani ango da ban ma san kalar fuskarsa ba.

Haba, sanyin zuciyata! Haba! Shi ke nan daga ganin suna a takarda sai ka yanke mini hukunci? Ni kaɗai aka raɗa wa sunan nan a duniya? Ka manta da takwarata ta ɗakin awon jini? Suna ɗaya, sunan uba ɗaya, asibiti ɗaya! Ita gajeruwa ce mai tabarau, ni kuwa kai da bakinka kake ce mini Doguwa. Sau nawa na ba ka labarin yadda ake haɗa mu? An taɓa ba ta hutuna ta tafi ta sha sati biyu, ni ina nan ina ƙirga ƙwayoyi. An taɓa kirana ofis aka wanke ni tas a kan kwalbar jinin da ban taɓa gani ba. Ranar da na faɗa maka har riƙe ciki ka yi don dariya. To yau ga shi kai ma ka shiga layin masu haɗa mu, kuma naka ya fi na kowa ciwo, domin su ba su taɓa ce mini suna sona ba.

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Firjin allurai ya mutu, kowa hankalinsa a tashe, aka kira ka. Ka durƙusa a bayansa kana kwance wayoyi, gumi yana ɗiga daga haɓarka, har ƙarfe ya yanke ka a ɗan yatsa ba ka sani ba. Ni na gani, na wanke maka, na ɗaure. Ka tambayi sunana, na faɗa maka, na ce amma ka yi hattara, mu biyu ne a nan. Ka ɗago ka dube ni ka ce, "Ko ku dubu ne, ido rufe zan gane ki." Wallahi maganar nan ta sauka a zuciyata kamar ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, har ƙamshinta nake ji yau. Ina idon ya tafi yanzu? A buɗe yake fa, kati a gabanka, amma ka kasa gane ni!

Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, ko katin ba ka karanta ba. Na sa cikakkensa a cikin ambulan ɗin nan, ka buɗe ka dubi layi na biyu. "Iyalan marigayi." Marigayi! Babana da ka durƙusa ka gaisar ana gobe za ka tafi, wanda ya raka ka har bakin ƙofa yana sa maka albarka, yaushe ya rasu ban ji ba? Ka aurar da ni ga baƙo, ka kuma binne mini uba da ransa, duk a cikin minti ɗaya!

Da ni kaɗai ka yi wa, da na haɗiye. Amma ka kira kawunka ka ce a fasa zuwa neman auren da aka sa ƙarshen wata. Baba ya riga ya gaya wa 'yan'uwansa, ya sa an yi wa falo fenti, Mama ta canza labule. Da labarin fasawar ya iso, bai yi faɗa ba. Kirana ya yi, ya ce, "'Yata, ki gaya mini gaskiya, wani abu kika yi masa?" Ka san nauyin wannan tambayar a bakin uba? Na gwammace a mare ni sau goma.

Ban zauna ina kuka kawai ba. Jiya bayan an tashi aiki na kama hannun takwarata, baiwar Allah, ana saura kwanaki bikinta, muka tafi wurin mahaifiyarka. Da ƙyar ta amsa gaisuwata. Takwarata ta miƙa mata katin ta ce, "Mama, ni ce amaryar, ga hoton angona, wannan ko sanin sa ba ta yi ba." Mahaifiyarka ta dube ta, ta dube ni, ta dafe kai ta ce, "Yaron nan zai kashe ni da kunya." Ta rungume ni muka yi kuka, muka koma dariya. Nan take ta kira kawunka. Ya ce ya ji, amma ba zai taka gidanmu ba sai ya ji daga bakin wanda ya ce a fasa. Ka ga kowa ya gane gaskiya, saura kai kaɗai, kana can bakin kogi da waya a kashe kana jinyar ciwon da babu shi. Shi ya sa na ba direban kamfaninku mai kai muku siminti wannan takarda.

Abin haushin, duk da haka ina sonka. Ina sonka kamar yadda shuka take son damina, kamar yadda tsuntsuwa take son reshen da ta saba sauka. Na so zuciyata ta taya ni fushi, ta ƙi. Waya ta yi ƙara, sai gabana ya faɗi. Firjin nan ya yi gurnani, sai na juya ina neman ka. Wace irin zuciya ce wannan, ana ɓata mata tana tambaya ko ka ci abinci? Na san kishi ne ya rufe maka ido, na kuma san ba a kishin abin da ba a so. Amma son da ba zai iya ɗaga waya ya tambaya ba, me zai iya ɗauka idan mun shiga gida ɗaya?

Don haka ka saurara, tauraron asubahina. Ka kunna wayarka. Kada ka fara kirana. Baba za ka fara kira, ka ba shi haƙuri da bakinka, sannan kawunka. Ranar Asabar kuma ka nemi izini ka zo bikin takwarata. Zan tsaya kusa da ita cikin shuɗiyar riga, ka dube mu da kyau mu biyun, ka taya ta murna yadda ya kamata. Bayan nan sai mu zauna, ka yi mini alkawarin cewa duk abin da ka ji ko ka gani a kaina, ni za ka fara tambaya. Idan ka yi, na yafe. Idan ka ƙara kwana uku shiru, da ƙafata zan zo gadar nan in yi maka faɗan a gaban ma'aikatanka.

Ban taɓa son wani kafin kai ba, ba kuma zan so wani bayanka ba, ko da rana za ta fasa fitowa.

Taka har abada,
wadda ba ta huce ba tukuna.