Gonarmu ta Cikin Waya

Lahadi, 5 ga Mayu

Na yi ɓarna yau. Bari in rubuta tun da zafinta.

Kamar kowace Lahadi da yamma, mun shiga gem ɗin harbe-harben nan na waya, wanda ake zubo mutum ɗari daga jirgi a kan tsibiri, kowa ya nemi bindiga, wanda ya rage shi ne gwani. Mu huɗu ne: ni, Dogo abokin ɗakina, wani abokin aikinsa, sai Yaya daga can gida. Saura ƙiris mu ci, Yaya ya je ya maƙale a bayan wata katanga yana neman ƙofa. Garin jiransa aka gama da mu. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Kai wane irin sakarai ne? Ƙofa ma sai an nuna maka?"

Yaya fa. Mutumin da ya ba ni shekara goma sha ɗaya, wanda tun rasuwar Baba shi ne uba. Su Dogo ba sa jin Hausa, amma sun ji tsawar, har da dariyarsu.

Sunansa kawai na ga ya ɓace daga fuskar wayar.

Litinin, 6 ga Mayu

Zanen gado ɗari uku na ninke a ɗakin wankin asibiti, kowanne da kalmar "sakarai" a cikinsa. Injinan suna ta ƙugi, ni ina ta tsara abin da zan ce. Ban kira ba.

Dogo ya ce wai wasa ne, mene ne abin damuwa. A ƙasarsu, in ji shi, shi ma yana zagin yayansa fiye da haka. To, ka ji. Shekara uku a nan ƙasar waje, na koyi shiru a cikin bas, na koyi cin abinci a tsaye, ashe har da wannan na kwasa ban sani ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ba saƙo. Ni ma ban tura ba. Na rubuta "Yaya ina wuni" sau huɗu ina gogewa.

Lahadi, 12 ga Mayu

Bai shigo ba. Muka sa wani baƙo a gurbinsa, ya iya harbi kamar me, muka ci sau biyu. Ko daɗi ban ji ba.

Gaskiya gem ɗin nan yana lalata baki. Minti ashirin kana tsinto kaya, daƙiƙa biyu a kashe ka, sai ka nemi wanda za ka ɗora wa laifi. Na ƙwallo kuma da Dogo ke mutuwar so, duk shekara riga kawai suke canja wa 'yan wasan su ce sabo ne. Na tseren mota ya fi su mutunci, aƙalla in ka faɗa rami kai ka jefa kanka.

Shi Yaya ina ruwansa da bindiga? Don ni ya sauke gem ɗin. Ya taɓa cewa in ya kira ni a waya, daga "lafiya lau" ba ya samun komai, amma a cikin wasa yakan ji muryata awa guda.

Laraba, 15 ga Mayu

Ina neman abin da zan goge don waya ta cika, sai na ci karo da gem ɗin noman da muka buɗe tare bara. Gona ɗaya, shinge a tsakiya, rabi nasa rabi nawa. Na yi wata biyar ban leƙa ba. Wasan tsofaffi nake ce masa, ka shuka tumatir ka zauna kana kallonsa. In aka kwana biyu ba ruwa shuka ta bushe.

Na buɗe. Ɓangarena kore shar. A gefe an rubuta wanda ya yi ban ruwa da ranar: Yaya, yau. Na ja ƙasa. Yaya, jiya. Yaya, shida ga wata, washegarin abin.

Na rufe na kifa wayar.

Asabar, 18 ga Mayu

Kullum sai na leƙa gonar a bas. Kullum an ba ta ruwa. Ban taɓa komai ba, kar ya ga sunana. Me ya sa? Oho.

Talata, 21 ga Mayu

Ba a yi ban ruwa ba jiya. Yau ma haka. Ganye ya fara rawaya.

Na kasa tsayuwa wuri ɗaya. Na zuba farare cikin injin masu launi, shugabar sashenmu ta dube ni ta ce ko in je in sha iska. A bakin matakala na ba gonar ruwa, tawa da tasa. Sannan na kira. Matarsa ce ta ɗauka.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi tun Lahadi, amma da sauƙi, ya fara cin abinci. Ta ce jiya ya dame ta wai ta ba gonar Auta ruwa, ita kuwa ta ɗauka zafin jiki ne ke sa shi sambatu, don ta san ba mu da ko taƙi ɗaya na gona.

Ta miƙa masa. Duk abin da na tsara ya gudu. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ban kyauta ba."

Ya ce, "Auta, tumatirinka ya nuna tun tuni. Ban cire maka ba, naka ne."

Na daɗe zaune a matakalar. Ƙamshin sabulun nan ne yake sa ido ruwa, kowa a sashenmu ya sani.

Lahadi, 26 ga Mayu

Dogo ya buga ƙofa, wai tsibiri na jira. Na ce wayata ta cika, na goge gem ɗin. Ta cika ɗin ne ma.

Har yanzu ina nan a kan bakana, gem ɗin noma wasan tsofaffi ne. Ba abin da ke faruwa a ciki. Ƙarfe huɗu muka shiga ni da Yaya, ɗan mutumina na cikin gem da kwando, nasa da bokiti. Ya ce zai zagayo ɓangarena ya taya ni cirar tumatir. Ya bi shinge ya yi hagu, ya dawo ya yi dama, ya wuce ƙofar sau biyu. Tana nan gabansa, da jan fenti.

Minti huɗu ya yi, na duba agogo. Na ajiye kwandon na jira shi.