Baba da Sauran Tuwonsa

Zuwa ga Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya zaman Ikko? Ina Yaya Rabi da yara? Mu nan Ƙofar Wambai lafiya, sai dai Baba.

Yau kwana tara atuni ya kwantar da shi. Malamin asibiti ya ce ana ɗauka, a ware masa kwano da moɗar shan ruwa. Na ware. Amma ka san Baba, bai taɓa cin tuwo bai rage wa jikoki ba. Ina juya baya sai ya yafito su ya miƙa musu kwanon. Da na yi magana ya ce, "Hadiza, kuturu kika mai da ni? Albarka nake ba su."

To, jiya Ladidi autata ita ma ta kwanta da atunin. Yanzu zannuwan mutum biyu nake wankewa, tokar wanki duk ta cinye mini hannu.

Don Allah ka rubuto masa, maganarka yake ji. Ni tun safe ya juya mini baya. Duk wanda ya shigo sai ya tambaye shi jikin Ladidi, ban da ni uwarta.

A sa mu a addu'a. Ka gai da kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza