Ɗakin Gwajin Reshen Labasa

Labasa, 9 ga Maris

Yaya Merewalesi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya ke da yara. Baba yana gaishe ki. Ya ce in gaya miki ƙafarsa ɗaya da ciwon suga ya bar masa tana gaishe ki ita ma.

Na san kin ji labarin ambaliya a rediyo. Gidanmu ruwa ya tsaya a matakala ta biyu, mun gode Allah. Amma makaranta, Yaya! Kin san reshen jami'ar nan tamu ajujuwa huɗu ne da ɗakin gwaji ɗaya a bakin kogi. Ruwa ya shiga ɗakin gwajin har wuyan mutum. Da ya janye muka je kwashe laka, mu tara 'yan shekarar ƙarshe da malaminmu na kimiyya, Malam Goundar. Madubin duba ƙwayoyin cuta guda shida duk sun sha taɓo, kwalaben gwaji sun farfashe, tebura sun kumbura. Ashneel, ɗan ajinmu mai bakin tsiya, ya tsinci kifi a cikin durowa, ya ɗaga shi ta wutsiya ya ce, "Malam, ga sabon ɗalibi, kuma ya riga kowa zuwa aji." Kowa ya yi dariya ban da Malam. Yana tsugune yana goge madubi da gefen rigarsa, ya goge ya duba, ya sake gogewa.

Ga damuwar. Darasi ɗaya ya rage mana a zango na biyu, na gwaji da hannu, kuma in ba a yi shi ba babu takardar zama malamin kimiyya. Sauran darussan muna jin su daga hedikwatar jami'a a Suva ta akwatin magana da ke kan tebur, wanda da an fara yayyafi sai ya koma kukan kwaɗi. Wannan kuwa ba a yin sa ta akwati. Ni kuma kin sani shekara shida aka ba mai karatun rabin lokaci, kuma wannan ce ta shida. Shekarun da na yi ina kai Baba asibiti ba su dawowa.

Mun rubuta takardar koke a gyara mana ɗakin kafin Yuli. Ga ta nan a cikin ambulan. Tunda a ofishin magatakardan jami'a kike buga takardu, don Allah ki sa ta a hannun mai ofishin da kanki. In aka bi ta gidan waya, sai jikokinmu su ji amsa.

Na aiko miki da gwaza da busasshen kifi ta hannun direban motar Nabouwalu. Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Litiana

Suva, 21 ga Maris

Litiana,

Bayan gaisuwa. Saƙonki ya iso, kaya ma sun iso, na gode. Muna lafiya.

Na ajiye takardar inda ake ajiye irinta. Na ga sunanki ne na farko a jerin masu sa hannu. Da kin tambaye ni, da na ce ki sa shi a tsakiya.

Shawarata ita ce kada ki ɗora ranki duka a kan gyaran ɗakin nan. Ki fara tunanin wata hanyar. Ba zan iya cewa fiye da haka ba.

Ki tabbata Baba yana shan magani kafin abinci, kuma ki hana shi shayi mai sukari ko zai yi fushi. Ki gaishe shi.

Yayarki,
Merewalesi

Labasa, 4 ga Mayu

Yaya Mere,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki kamar takardar sallama daga asibiti, layi shida, na karanta wa Baba har ya ce, "Shi ke nan? Juya bayan takardar ki gani."

Wace hanya kuma? Bari in gaya miki abin da muke ciki. Malam Goundar bai zauna jiran kowa ba. Ran Asabar yana tara mu a kicin ɗin matarsa, muna gwaji da tukwanenta da ruwan lemon tsami da tokar rake. Madubi biyu sun farfaɗo, muna bin layi mu leƙa. Matar tana gasa mana gurasa da miyar kabewa tana mita: "Ni na auri malami ne ko na auri jami'a?" Wallahi a kicin ɗin nan na fahimci abin da shekara biyu akwati bai fahimtar da ni ba.

To ran Talata sai ga baƙi uku daga Suva a jirgin safe. Muka share haraba, muka yi musu sarƙar furanni, Salanieta 'yar ajinmu ta yi jawabin maraba da ta kwana uku tana hardacewa. Suka leƙa ɗakin gwaji daga bakin ƙofa, ko shiga ba su yi ba saboda takalmansu. Sai babbansu ya tara mu ƙarƙashin mangwaro ya ce saboda ɓarnar ambaliya an ɗauke darasin kimiyya daga reshen nan. Duk mai son ƙarasawa ya cike takarda kafin ƙarshen Yuni, ya zo Suva ya yi wata huɗu.

Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ba zai iya barin gida ba fa?"

Ya ce, "Jami'a ta ba kowa dama daidai."

Ashneel ya ce, "Kogin ma haka ya yi mana, ranka ya daɗe." Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Kafin azahar sun koma filin jirgi, da furanninmu a wuyansu.

An kuma ce Malam zai koma Suva ƙarshen wata. Shekararsa goma sha huɗu a nan.

Yaya, wa zan bar wa Baba wata huɗu? Ni ke ɗaga shi, ni ke wanke masa mikin ƙafar safe da yamma. Danginmu suna can tsibirin Kadavu, kuma Gwaggo ta fi shi buƙatar mai kula. Ki sake shiga wurin mai ofishinku. Ki ce masa rufi lafiya lau, bango lafiya lau, tebur da kwalabe kawai muke nema. Ke ce kawai muke da ita a can.

Ina jiran amsarki.

Taki,
Litiana

Suva, 2 ga Yuni

Zuwa ga Malama Litiana,

Ina gaishe ki da girmamawa, tare da fatan mahaifinki yana samun sauƙi. Na kira ki Malama da gangan, domin a wurina kin cancanci sunan tun bara.

Na iso lafiya. An ba ni tebur a wani lungu da ɗalibai ɗari da ashirin da ban san sunan ko ɗayansu ba.

Na yi miki alkawarin zan nemi a ƙara miki shekara ɗaya, ko a yarda in zo Labasa lokacin hutu in yi muku darasin. Na nemi duka biyun. Na farko an ce doka ba ta ba da dama ba. Na biyu an ce babu ɗakin gwaji da aka amince da shi a reshen. Na ce a gyara shi. Sai aka nuna mini takardar shawarar majalisar jami'a. Malama, kwanan watan da ke kanta sha biyu ga Fabrairu ne. Ruwa ya zo mana uku ga Maris. An yanke hukuncin tun muna zaune muna tsara zango na biyu. Dalilin da aka rubuta shi ne ɗalibai tara sun yi kaɗan.

Na yi ta tunanin ko in ɓoye miki, sai na ga kada ki ƙarasa ƙarfinki wajen roƙon tebur da kwalabe. Na haɗu da yayarki a ofishin, mace mai kirki, ita ta ciro mini takardar. Da ta ji sunanki ta kasa ɗago kai.

Idan akwai yadda za ki yi ki zo, ki zo. Ba ni da abin da ya wuce wannan, kuma ina jin kunyar hakan.

Matata tana gaishe ki. Ki gaida sauran 'yan aji.

Naki da girmamawa,
H. Goundar

Labasa, 8 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa.

Malam ya rubuto mini. Sha biyu ga Fabrairu. Duk takardar da ta fito daga ofishin nan ta hannunki take bi, ke kika sha gaya mana haka kina alfahari. Ashe ranar da nake kwashe laka da hannuna kin sani. Ranar da nake saƙa wa mutanen nan furanni kin sani. Kika karɓi kokenmu kika ce kin ajiye inda ake ajiye irinsa. Ina ne wurin, Yaya?

Da kin gaya mini tun Fabrairu, da na samu wata huɗu ina neman mai zama da Baba. Yanzu saura mini sati uku.

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Inna. Ban taɓa ce miki ki zo ki karɓe ni ba, ko na sati ɗaya. Yau na ce. Ki nemi hutu, ki zo ki zauna da mahaifinki daga Yuli zuwa Nuwamba, ni in je in zauna da yaranki in ƙarasa karatuna. Ubanki ne kamar yadda yake ubana.

Litiana

Suva, 17 ga Yuni

Liti, ƙanwata,

Ina gaishe ki, in za ki amsa.

Ni na buga ta. Ina bugawa na zo kan sunan Labasa, yatsuna suka tsaya, mai ofis yana tsaye a kaina yana jiran ya sa hannu. Kin san mun yi rantsuwar riƙe sirri. Bara wata abokiyar aikina ta faɗa wa mijinta magana ɗaya daga cikin irin takardun nan, kafin sati ta bar aiki. Na ɗauki alƙalami sau uku zan rubuto miki, sai in dubi yara biyu da babu uba a kansu, in ajiye. Na ce wa kaina wataƙila a canja shawara. Da ruwa ya zo har na yi murna, Allah ya yafe mini, na ce yanzu za ki ɗora wa kogi laifi, ba sai kin san komai ba.

Kokenku na sa shi a hannun mai ofis, ban yi miki ƙarya ba. Ya karanta layin farko ya ce, "Ashe kina da 'yar'uwa a can?" Ya miƙo mini ya ce in sa a fayil. Ni na huda shi, ni na sa shi.

Wasiƙarki ta zo ran Litinin, ran Talata na shiga neman hutun wata huɗu. Ya ce lokacin rajistar zango na biyu ne, ko kwana huɗu ba zai ba ni ba. Na ce ko ba albashi. Ya ce kujerar ba za ta jira ni ba. Na tsaya a gabansa ina kuka kamar yarinya, shekarata arba'in da ɗaya, ya miƙo mini ruwa a kofi.

Na yi tunanin ki taho da Baba nan. Ɗakina ɗaya ne a hawa na uku, matakala arba'in da biyu, banɗaki a ƙasa. Duk da haka in zai yarda, mu goya shi. Ki tambaye shi. Na je gidan kula da tsofaffi na coci, sun ce akwai mutum talatin a gabansa.

Na san abin da na bar miki shekara bakwai. Kullum ina cewa in kin gama karatu zan rama miki. Ban san da me zan rama ba yanzu.

Na cike miki takardar zuwa Suva, ga ta nan, sa hannunki kawai ya rage. Ko a ranar ƙarshe ta iso, ni zan buga mata hatimi.

Yayarki,
Mere

Labasa, 3 ga Yuli

Yaya Mere,

Ina amsawa. Ki gaida yara.

Ban tambayi Baba ba. Mikin ya sake buɗewa, likita ya ce kada ya yi tafiyar da ta wuce ta asibiti. In na gaya masa dalili, kin san shi, zai ce in tafi, ya zauna shi kaɗai ya ce yana iyawa.

Mutum biyar sun tafi jiya a motar safe, har da Ashneel da Salanieta. Na raka su tasha. Mu huɗu mun dawo a ƙafa, muka rabu a gada.

Takardar tana nan, ban sa hannu ba. Kada ki sake shiga wurin mutumin nan saboda ni.

Yau da safe Baba ya tambaye ni yaushe za mu koma makaranta. Na ce masa an ƙara mana hutu. In za ki rubuto masa, ki faɗi haka ke ma.

Ƙanwarki,
Litiana